YAƘI DA HAYAƘIN MOTA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota da sassafe, sa'ad da direbobi ke ɗuma injuna, ya san yadda hayaƙin mota ke shaƙe mutum, ya sa shi tari da hawaye. In mota guda ce, iska ta kan kwashe hayaƙin nan da nan, ba mai kula. Amma in motoci suka kai miliyan suna kai da kawowa cikin gari guda, tun daga asuba har dare, to, abin ya zama annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 4 da dubu 200 suka mutu saboda gurɓatacciyar iskar waje da su ke shaƙa, hayaƙin mota kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke ɓata iska a birane. Ga labarin yadda aka gane cutar, da yadda aka tashi neman magani, waɗansu ta wajen gyara inji, waɗansu ta wajen sake man da a ke zuba masa.

ASALIN ABIN

Wani Bajamushe, wai shi Karl Benz, shi ya sami takardar shaidar ƙirar mota mai aiki da fetur a shekarar 1886. A zamanin nan ba a tsai da magana a kan abin da zai riƙa tuƙa mota ba tukuna. Akwai masu tafiya da tururi kamar jirgin ƙasa, akwai masu batir, akwai masu fetur. A shekarar 1900 aka yi wani babban baje koli a birnin Faris, inda aka nuna wani inji irin wanda Rudolf Diesel ya ƙago yana aiki da man gyaɗa zalla, yana gudu lafiya lau, har yawancin 'yan kallo ba su lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada haka, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta ke mulka, inda gyaɗa ta ke da yawa. Henry Ford na Amurka, wanda ya fito da motar nan mai araha, Model T, a shekarar 1908, shi ma ya daɗe yana cewa man motar gobe daga gona zai fito.

Amma kasuwa ta yanke shari'a ta wata hanya. Aka haƙo mai da yawa a Teksas daga shekarar 1901, fetur ya yi araha. A shekarar 1912 kuma aka fara sa wa mota abin tayarwa na lantarki, mutum ya huta da juya hannu a gaban mota yana gumi. Daga nan motar fetur ta kere sa'a. Kafin a daina ƙera Model T a shekarar 1927, an yi fiye da miliyan 15.

Ga yadda hayaƙin ke samuwa. Inji ya kan gauraya fetur da iska, filogi ya ba da tartsatsi, abin ya kama da ƙarfi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu. Da man zai ƙone ƙurmus, da abin ya yi sauƙi. To, ba ya ƙonewa duka. Abu uku ke fita ta salansa masu cutarwa. Na ɗaya, ragowar man da bai ƙone ba. Na biyu, wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, masana na ce da ita kabon monoksaid. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi ko janareta cikin ɗaki a rufe. Na uku, wata iska da ke samuwa sa'ad da zafin inji ya haɗa naitirojin da oksijin na cikin iskar da a ke shaƙa. Motocin da ke shan man gas kuma suna ƙarawa da kunkunniya mai laushi ƙwarai, wadda ke shiga can cikin huhu ta zauna.

Sai kuma mutane suka ƙara na huɗu da hannunsu. Injunan farko sun kan yi wani ƙwanƙwasa in suna jan nauyi, abin da ke rage musu ƙarfi. A shekarar 1921 wani ma'aikacin kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano in an ɗiga wani ruwa mai dalma a cikin fetur ƙwanƙwasan ya kan tsaya. An san barasar da a ke tatsa daga tsiro ma tana wannan aiki, amma ita sai an zuba da yawa, ga shi kuwa kowa na iya yin ta, ba mai iya riƙe cinikinta shi kaɗai. Aka fara sayar da fetur mai dalma a shekarar 1923. Shekara ta kewayo, ma'aikata 5 suka haukace suka mutu a wata ma'aikatar haɗa ruwan nan a Jihar New Jersey. Aka yi 'yar hayaniya, aka dakata na ɗan lokaci, sa'an nan aka ci gaba. Haka aka yi shekara hamsin da ɗoriya motocin duniya suna fesa dalma a kan tituna, alhali dalma guba ce mai daƙushe ƙwaƙwalwar yara ƙanana.

BIRNIN DA HAZO YA RUFE

Los Anjalis babban birni ne a Jihar Kalifoniya, can yammacin Amurka, a bakin teku. Mutane sun yi ta ƙaura zuwa can saboda daɗin iskarsa da hasken ranarsa, har likitoci kan tura masu ciwon ƙirji. Ran 26 ga watan Yuli, 1943, gari ya waye da wani irin hazo mai kauri, mai yaji. Ba a hangen nesa, idanu na ta zafi, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Lokacin kuwa ana cikin yaƙi da Japan, saboda haka waɗansu suka zaci abokan gaba ne suka sako iskar guba.

Hukuma ta duba, ta ga wata ma'aikata a tsakiyar gari mai haɗa sinadarin yin roba, aka ce ita ce. Aka rufe ta, hazo bai daina ba. A shekarar 1947 aka kafa hukuma ta musamman don tsaron iskar yankin, irinta ta farko a Amurka. Ta bi masana'antu da matatun mai tana sa musu doka. Daga baya, a shekarar 1957, aka hana mutane ƙona shara a bayan gidajensu. Duk da haka hazo sai ƙaruwa ya ke. Manoman gefen gari suka ga ganyen alayyafo da salak yana ƙonewa ba wuta, masu motoci suka ga tayoyinsu na tsattsagewa tun ba su tsufa ba. Ba wanda ya zargi mota, domin hayaƙin da ke fita daga salansa bai yi kama da wannan hazo ba, ko a launi ko a wari.

Wurin da birnin ya ke ma ya taimaki cutar. Duwatsu sun kange shi ta arewa da gabas, teku na yamma. Iska mai sanyi ta kan taso daga teku ta kwanta a ƙasa, iska mai ɗumi ta hau bisanta ta danne, kamar an kife faifai a kan ƙwarya. Duk abin da ya tashi daga gari ba shi da mafita. Tun a shekarar 1542 wani matuƙin jirgin ruwa na Sifen, Cabrillo, da ya ga yadda hayaƙin wutar mutanen wurin ke tsayawa bai watse ba, ya sa wa gaɓar suna Gaɓar Hayaƙi. A shekarar 1940 kuwa motocin yankin sun riga sun haura miliyan guda.

Wanda Allah ya ba sa'ar warware matsalar wani malamin kimiyya ne, mutumin Holan, sunansa Arie Haagen-Smit, yana koyarwa a babbar makarantar Caltech a garin Pasadena. Aikinsa ba na hayaƙi ba ne. Binciken ƙanshin tsirrai ya ke yi, har ya yi suna wajen gano abin da ke ba abarba ƙanshinta. Wajen shekarar 1948 sai ya ɗauki kayan da ya ke tace ƙanshin abarba da su, ya zuƙo iskar gari mai yawa ta cikin bututu mai tsananin sanyi, ya tara 'yan ɗigon wani ruwa mai wari. Da ya bincika sai ya ga ɓurɓushin mai ne wanda wani abu ya sake wa kama.

Ya yi ta gwaji har ya kama bakin zaren. Ashe ragowar man da bai ƙone ba, da iskar nan ta naitirojin, in suka haɗu a sarari rana ta buge su, sai su dahu kamar miya a tukunya, su haifi waɗansu abubuwa sababbi. Babbansu ita ce iskar da a ke kira ozon. Can sama nesa ozon garkuwa ce, tana tare mugun hasken rana, amma a ƙasa inda mutane ke numfashi tana ƙona huhu, tana tsananta ciwon fuka. Don ya tabbatar, sai ya haɗa irin hazon da kansa a ɗakin gwaji, ya sa tsirrai a ciki, ganyensu ya lalace daidai da na gonaki. Ya kan lanƙwasa ɗan ƙyallen roba ya ajiye a waje, ya duba agogo. Ran da hazo ya yi tsanani, cikin 'yan mintoci robar ta kan fara tsagewa. Ya buga sakamakon aikinsa a shekarar 1952.

Kamfanonin mai da na mota ba su ji daɗin maganar ba. Suka ba da kuɗi waɗansu masana su sake bincike, da fatan a ƙaryata shi. Amma gaskiya ba ta ɓuya. Cikin 'yan shekaru masu binciken da kansu suka dawo kan abin da ya faɗa.

DOKA TA SHIGA

Sanin cuta daban, shan magani daban. Kalifoniya ce ta fara. Daga motocin shekarar 1963 ta tilasta a sa wani ɗan bututu mai mai da tururin da ke tsiyaya daga cikin inji ya koma a ƙone shi. A motocin shekarar 1966 ta ƙayyade iyakar abin da zai fita ta salansa, ba a taɓa yin haka ba a Amurka. A shekarar 1967 aka kafa hukumar iska ta jihar duka, Haagen-Smit ya zama shugabanta na farko. Kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, har a shekarar 1969 Gwamnatin Amurka ta kai manyansu ƙara, ta ce sun haɗa baki don su jinkirta fito da kayan rage hayaƙi. Aka sasanta ba tare da sun amsa laifi ba, amma suka ɗauki alkawarin ba za su yi irin wannan haɗin baki ba.

A shekarar 1970 wani ɗan Majalisar Dattawa, Edmund Muskie, ya jagoranci wata doka mai tsanani, Shugaba Nixon ya sa mata hannu ran ƙarshe na shekarar. Dokar ta ce cikin shekara biyar zuwa shida a rage manyan gubobin nan uku da kashi 90 cikin 100. Masu ƙera motoci na Amurka suka ce wannan ba ya yiwuwa. Ana cikin gardama, a shekarar 1972, kamfanin Honda na Japan ya fito da wani inji wanda ya cika sharaɗin shekarar 1975. Ko da ya ke an ɗaga wa'adin fiye da sau ɗaya, daga nan bakin masu cewa ba ya yiwuwa ya mutu.

Maganin da aka fi dogara da shi wata 'yar tukunya ce ta ƙarfe da a ke sakawa a jikin salansa. Cikinta kamar saƙar zuma ya ke, ramuka dubbai, an shafe su da waɗansu ƙarafa masu tsada irin su filatinam. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ta, ƙarafan nan su kan sa gubar ta juye ta zama tururin ruwa da iskar da ba ta shaƙe mutum. Wani injiniya Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugene Houdry, ya yi irinta tun wajen shekarar 1950, amma ba ta yi amfani ba a lokacin, don dalmar da ke cikin fetur ta kan toshe ta nan da nan. Da aka fara sa tukunyar a motocin shekarar 1975, dole aka kawo fetur marar dalma a gidajen mai. Watau jifa guda ta kashe tsuntsu biyu. A motocin shekarar 1977 kamfanin Volvo na Suwidin ya kawo wadda ke maganin gubobin uku gaba ɗaya, tare da wani ɗan ma'auni da ke sansana hayaƙi yana daidaita yawan man da inji ke sha.

Amurka ta hana fetur mai dalma a motoci ƙwata-ƙwata daga farkon shekarar 1996. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka yi taro a Dakar a shekarar 2001, suka cika alkawarin dainawa a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, ta ƙarar da nata a shekarar 2021.

Abin ya yi amfani kuwa? A shekarar 1977 sau 121 aka yi shelar gargaɗi a yankin Los Anjalis saboda tsananin hazo. A shekarar 1996 sau 7 kaɗai aka yi, ga shi kuwa motoci sun ƙaru ƙwarai. Likitocin wata jami'a ta birnin suka yi shekara da shekaru suna auna huhun 'yan makaranta, a shekarar 2015 suka ba da labari cewa yaran baya huhunsu ya fi girma da ƙarfi bisa na waɗanda aka auna tun iska na da datti. Duk da haka har yanzu yankin yana cikin mafi yawan ozon a Amurka.

ƘASAR DA TA KOMA GONA

Barazil ta bi wata hanya dabam, kuma ba tsoron hayaƙi ya fara tura ta ba, tsadar mai ce. Ƙasa ce babba a Amurka ta Kudu, mutanen Fotugal suka kai mata rake tun wajen shekarar 1532. Shekaru ɗaruruwa bayin da aka kwaso daga Afirka ne ke noma shi, a cikinsu har da Hausawa da aka kai lardin Bahiya a farkon ƙarni na 19.

Rake ba sukari kaɗai ya ke bayarwa ba. In an matse ruwansa, irin wanda a ke dafawa a yi mazarƙwaila, aka zuba masa yisti aka bar shi ya tashi, sa'an nan aka dafa aka tare tururin, sai a sami wata barasa mai ƙarfi, mai kama wuta, wadda masana ke kira itanol. Tun a shekarar 1931 Shugaba Getulio Vargas ya yi doka a riƙa gauraya kashi 5 cikin 100 na itanol a fetur ɗin da a ke shigowa da shi. Amma muddin fetur na araha, ba wanda ya mai da hankali sosai.

A shekarar 1973 aka yi yaƙi tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai suka rage fitarwa, kuɗin gangar ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu cikin 'yan watanni. Barazil kuwa wajen kashi 80 cikin 100 na man da ta ke sha daga waje ta ke sayowa. Ana cikin haka sai kasuwar sukari ta faɗi a shekarar 1975, masu gonakin rake suka rasa inda za su sa kansu. Ran 14 ga watan Nuwamba, 1975, Shugaba Ernesto Geisel ya kafa wani babban shiri da a ke kira Proalcool. Gwamnati ta ba da rance mai sauƙi a gina matatun itanol, ta sa a kai shi gidajen mai ko'ina, ta riƙe kuɗinsa ƙasa da na fetur. Wani injiniya, Urbano Stumpf, da abokan aikinsa suka duƙufa wajen gyara injuna su karɓi sabon man.

Da fari gaurayawa a ke yi. A shekarar 1979, daidai lokacin da mai ya sake tsada saboda juyin mulkin Iran, kamfanin Fiat ya fito da ƙaramar mota, Fiat 147, wadda itanol zalla ta ke sha. Motocin farko sun ba masu su wahala. Itanol na cin ƙarfen tanki da kafireta, da sanyin safiya kuma mota ta kan ƙi tashi, har sai da aka riƙa sa mata wani ɗan ƙaramin tankin fetur na tayarwa kawai. Aka gyara waɗannan sannu a hankali. Wajen shekarar 1985, cikin kowace sabuwar motar hawa 10 da aka sayar a ƙasar, wajen 9 masu shan itanol ne.

Iskar birane ta amfana. Itanol na ƙonewa da kyau, saboda haka iskar nan mai kashe mutum a ɗaki ta ragu a manyan birane irin su Sawo Faulo. Tun da ya ke kuma itanol na hana ƙwanƙwasar inji, Barazil ta sami rabuwa da dalma tun wajen farkon shekarun 1990. Akwai wata riba kuma wadda ba a kula da ita ba da farko. Duk man da aka ƙona ya kan saki iskar kabon dayoksaid, wadda ke taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi. Na fetur, daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi, ƙari ne a kan wanda ke sama. Na itanol kuwa, raken bana ya riga ya zuƙe shi daga iska sa'ad da ya ke girma, na baɗi kuma zai sake zuƙewa. Tuƙar raken ma, watau abin da ya rage bayan matsa, ita a ke ƙonawa a tuƙa injunan matatar, har a sayar da rarar lantarki.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. A shekarar 1986 kuɗin ɗanyen mai ya faɗi warwas, gwamnati kuma bashi ya yi mata katutu, ta kasa ci gaba da tallafi. Sukari ya sake daraja a kasuwar duniya, masu matatu suka juya ga sukari. A shekarar 1989 itanol ya yanke a gidajen mai. Mutumin da ya sayi mota bisa amincewa da gwamnati ya wayi gari cikin dogon layi, motarsa kuwa ba ta shan komai sai abin da babu. Mutane suka yi fushi, suka koma wa fetur. Kafin ƙarshen shekarun 1990, motocin itanol ba su kai ko kashi 1 cikin 100 na sababbin da a ke sayarwa ba.

Abin da ya farfaɗo da shirin wata dabara ce. A watan Maris na 2003 kamfanin Volkswagen ya fito da mota Gol wadda ke shan fetur, ko itanol, ko gaurayensu ko yaya ya ke. Wata 'yar kwamfuta a ciki ita ke gane abin da aka zuba ta daidaita inji. Tsoron yankewar mai ya kau. Cikin shekara biyar, fiye da 8 cikin 10 na sababbin motoci irin wannan ne. Direban Barazil ya kan tsaya a gidan mai ya yi lissafi: litar itanol ba ta kai litar fetur nisan tafiya ba, wajen kashi 70 cikin 100 ta ke yi, saboda haka in kuɗinta ya gaza kashi 70 na kuɗin fetur sai ya sha itanol, in ya haura sai ya sha fetur. Fetur ɗin kansa ma gauraye ne. Daga shekarar 2015 kashi 27 cikin 100 nasa itanol ne, a watan Agusta na 2025 aka ɗaga zuwa 30.

Man gona ma yana da nasa aibi. Hayaƙin itanol na ɗauke da wani sinadari mai yaji wanda shi ma ke taimakon haɗuwar ozon. An daɗe kuma ana cinna wa gonakin rake wuta kafin sara don a rage ganye, toka ta rufe garuruwan kusa, yara da tsofaffi su cika asibiti. Masu saran kuwa talakawa ne 'yan ci-rani, mutum ya sari tan 10 ko fiye a yini cikin rana. Jihar Sawo Faulo ta yi dokar rage ƙonawa a shekarar 2002, ta ƙulla yarjejeniya da masu matatu a 2007, injuna suka karɓi yawancin saran. Iska ta gyaru, amma dubban masu sara suka rasa aiki. A Amurka kuwa da masara a ke yin itanol, kuma da abinci ya yi tsada a duniya a shekarun 2007 da 2008, mutane da yawa sun tambaya ko daidai ne a ba mota hatsi alhali akwai masu kwana da yunwa. A Indonisiya an sare dazuzzuka masu yawa an dasa kwakwar manja, wadda wani kaso na manta ke shiga tankin mota.

INDA AKA KWANA

Bayan haka an samu waɗansu hanyoyi. A shekarar 1997 kamfanin Toyota ya fito da Prius, mai haɗa inji da batir. A Indiya, Kotun Ƙoli ta yi umurni a shekarar 1998 motocin haya na birnin Delhi su koma shan iskar gas, aka gama juya bas-bas a ƙarshen 2002. Motar batir, wadda fetur ya kora shekara ɗari da suka wuce, ta komo da ƙarfinta. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mai da bas ɗinsa duka, fiye da 16,000, masu lantarki a shekarar 2017. A Norwe, a shekarar 2024, kusan 9 cikin 10 na sababbin motoci na lantarki ne. Sai dai tsabtar motar lantarki tana rataye ga abin da aka ƙona aka samo lantarkin.

An kuma koyi cewa doka ba mai tsaro banza ce. A watan Satumba na 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu shan man gas, wajen miliyan 11, wata dabara ta kwamfuta. In mota ta gane ana gwada ta sai ta tsabtace hayaƙinta, in ta hau titi ta saki abinta. Waɗansu masu bincike na wata jami'a a Amurka ne suka tona asirin, da suka ɗaura ma'auni a bayan mota suka shiga hanya da ita.

Tsofaffin motocin da ƙasashen nan suka gaji da su kuwa ba ɓacewa su ke yi ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙananan motoci na hannu wajen miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Waɗansu sun iso an riga an cire musu tukunyar tace hayaƙi, waɗansu kuma a nan a ke yanke ta a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki. Mai mota ya karɓi 'yan kuɗi, mota kuma ta ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru, amma gubar da tukunyar ke tarewa ta koma hancin mai talla a bakin titi, da ɗan makaranta, da shi direban kansa. A shekarar 2020 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ƙa'ida guda a kan tsabtar man da za a shigo da shi da irin motocin da za a karɓa. Cika ta shi ne aikin da ya rage.

Mutanen Los Anjalis sun yi shekara 9 suna tari kafin su san abin da ke damunsu, suka ƙara fiye da shekara 20 kafin magani ya hau titi. Biranen da motoci ke cika yanzu ba su da wannan uzuri, domin an riga an san cutar, an san maganinta, an kuma san inda kowane magani ke da illa. Rigakafi kuwa, in ji masu iya magana, ya fi magani.